Kakar wasan Miami Dolphins ta 1972

Kakar 1972 ita ce ta bakwai a tarihin Miami Dolphins, ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka da ke birnin Miami a jihar Florida, kuma ta uku a hannun koci Don Shula. A shekarar ƙungiyar ta buga wasa 17 ta lashe duka: 14 na cikin kaka da uku na sili-ɗaya-ƙwale, har da wasan ƙarshe na Super Bowl VII. Tun kafuwar NFL, babbar gasar wannan wasa a Amurka, a 1920, ita kaɗai ce ta taɓa gama kaka babu shan kaye, babu canjaras, ta kuma ɗaga kofi.

A wannan wasa da hannu ake riƙe ƙwallo ko a jefa ta, ana auna tafiyarta da yadi, yadin nan da ake auna atamfa da shi. Kai ta makurar filin abokan hamayya shi ne tacdawun, maki shida, sai bugun ƙari na maki ɗaya. Buga ta tsakanin sanduna daga nesa maki uku ne.

Kafin kakar

An kafa Dolphins a 1966 a gasar AFL, wadda daga baya ta haɗe da NFL, kuma shekarunta huɗu na farko duk asara ta fi nasara yawa. Mai ƙungiyar, Joe Robbie, ya ɗauko Shula daga Baltimore Colts a 1970. Shekara biyu kacal ya kai su Super Bowl VI, inda Dallas Cowboys ta lallasa su da maki 24 da 3 a New Orleans, ranar 16 ga Janairun 1972. Wannan ne karo na biyu da Shula ya faɗi a Super Bowl, domin a Super Bowl III ma New York Jets ta doke Colts ɗinsa. Har an fara cewa shi ba ya iya cin babban wasa.

Kafin a fara sabuwar kaka Shula ya ɗauko Earl Morrall, kwatabak ɗan shekara 38 da Colts ta sallama, a kan dala 100. Kwatabak shi ne mai jagorantar hari da rarraba ƙwallo, kuma Miami tana da nata, Bob Griese. Morrall zaman benci aka kawo shi.

Wasannin kaka

Sun buɗe da doke Kansas City Chiefs 20 da 10 ranar 17 ga Satumba, a wasan gasa na farko da aka yi a sabon filin Arrowhead. A mako na uku suka sha da ƙyar a Minnesota: ana 14 da 6 a kansu a zangon ƙarshe, Garo Yepremian ya buga ta sanduna daga yadi 51, sannan Griese ya jefa wa Jim Mandich ƙwallon tacdawun saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, aka tashi 16 da 14.

Ranar 15 ga Oktoba, a wasa na biyar da San Diego Chargers a filin Orange Bowl, 'yan bayan Chargers biyu, Deacon Jones da Ron East, suka faɗa wa Griese. Ƙashin ƙafarsa ya karye, idon sawun ya goce. Morrall ya shiga ya ƙarasa wasan, aka ci 24 da 10, kuma shi ya ja ragamar sauran wasa tara. Ba wannan ne karonsa na farko ba: a 1968 ma shi ya maye gurbin Johnny Unitas a Colts, a hannun Shula ɗin dai, har aka zaɓe shi gwarzon gasa.

Buffalo ta kusa karya lagonsu a mako na shida, 24 da 23. Sun ragargaji New England 52 da nema ranar 12 ga Nuwamba, nasarar Shula ta ɗari a gasar. Mako guda bayan haka suka doke Jets 28 da 24 suka tabbatar da jan ragamar rukunin Gabas na AFC, ɗaya daga ɓangarori biyu na NFL, a wasan da dattijo Morrall ya ruga da ƙwallo yadi 31 ya ci da kansa. Suka rufe da Baltimore, 16 da nema.

Ƙarfin ƙungiyar

Miami ta tara maki 385 aka zura mata 171. Babu wadda ta kai ta ci, babu kuma wadda aka ci ƙasa da ita. Ƙarfinta a gudu da ƙwallo yake: yadi 2,960, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a lokacin. Larry Csonka, mai ratsa tsakiya da ƙarfin ƙirji, ya yi 1,117. Mercury Morris, mai zagayawa ta gefe da sauri, ya yi 1,000 cif. Su ne 'yan ƙungiya ɗaya na farko da kowannensu ya kai dubu a kaka guda. Da fari 991 aka rubuta wa Morris, sai da hukumar gasar ta sake duba hotunan wani wasa ta gano an ɗora masa asarar yadi tara da ba tasa ba. Jim Kiick ne na ukunsu. Larry Little da Jim Langer da Bob Kuechenberg ke buɗe musu hanya, Paul Warfield kuma ke karɓar jifa mai nisa.

'Yan bayan, da Bill Arnsparger ke horarwa, an yi musu laƙabi da marasa suna. Ana danganta laƙabin da wata magana ta kocin Dallas, Tom Landry. Kyaftin ɗinsu Nick Buoniconti ne.

Sili-ɗaya-ƙwale

Ranar 24 ga Disamba Cleveland Browns ta shiga gabansu 14 da 13 a zangon ƙarshe, kafin Kiick ya ci aka tashi 20 da 14.

Wasan cin kofin AFC a Pittsburgh aka yi shi ranar 31 ga Disamba, duk da Miami ta fi Steelers, ƙungiyar birnin, nasarori, saboda a wancan zamani karɓa-karɓa ake yi wajen masaukin wasa. Steelers ta fara ci. Sai Larry Seiple, wanda aikinsa ya buge ƙwallo nesa idan hari ya ci tura, ya lura babu mai kallonsa, ya fasa bugun ya ruga yadi 37. Daga nan Miami ta farke. Bayan hutun rabin lokaci Shula ya zaunar da Morrall ya mayar da Griese da ya warke, suka ci 21 da 17.

Super Bowl VII

An buga shi ranar 14 ga Janairun 1973 a filin Memorial Coliseum na Los Angeles, gaban 'yan kallo 90,182, cikin zafin da ya kai kusan digiri 29. Abokiyar karawar ita ce Washington Redskins ta koci George Allen. Griese ya jefa wa Howard Twilley ƙwallon tacdawun daga yadi 28, Kiick ya ƙara na biyu bayan Buoniconti ya cafke jifar Billy Kilmer, kwatabak ɗin Washington. Aka tafi hutu 14 da nema. Jifa 11 kacal Griese ya yi a duk wasan, Csonka kuma ya yi gudun yadi 112.

Abin da aka fi tunawa ya faru saura minti biyu da kaɗan. Shula ya tura Yepremian ya buga ta sanduna daga yadi 42, da ta shiga da an tashi 17 da nema, daidai da adadin nasarorin kakar. Yepremian ɗan asalin Armeniya ne haifaffen tsibirin Cyprus, wanda ya taso da tamaula, ba da wannan wasa ba. Aka tare bugun, ƙwallo ta dawo hannunsa. Maimakon ya kwanta a kanta, sai ya yi yunƙurin jefawa, ta suɓuce, ya doke ta sama, Mike Bass na Washington ya cafe ya ruga yadi 49 ya ci tacdawun. 'Yan bayan Miami suka riƙe ragowar lokacin, aka tashi 14 da 7. Jake Scott, wanda ya cafke jifa biyu, shi aka ba kyautar gwarzon wasa, ko da yake da yawa na ganin Manny Fernandez ya fi cancanta.

Muhawara

Masu suka na cewa jadawalin ya yi sauƙi: cikin waɗanda suka kara da su a kaka, Chiefs da New York Giants ne kawai suka gama da nasara fiye da asara. Magoya baya na amsawa da raunin Griese da wasan Pittsburgh.

Chicago Bears ta gama kakannin 1934 da 1942 ba a doke ta ba amma ta faɗi a wasan kofi, haka New England Patriots a 2007. Cleveland Browns ta lashe duk wasanninta a 1948, sai dai a wata gasa ce daban mai suna AAFC, ba NFL ba.

Bayan kakar

Jerin nasarorin ya yanke a mako na biyu na 1973, a hannun Oakland Raiders, 12 da 7, amma Miami ta sake ɗaukar kofi a ƙarshen kakar. An shigar da Shula da 'yan wasa shida cikin zauren gwarzayen wasan da ke Canton, jihar Ohio: Griese, Csonka, Warfield, Little, Langer da Buoniconti. An daɗe ana yaɗa cewa tsoffin 'yan wasan kan taru su yi shagali duk shekara idan ƙungiyar ƙarshe da ba a doke ba ta faɗi. Shula da wasu daga cikinsu sun ce an zuzuta labarin. Sai a watan Agustan 2013, shekara 40 bayan kofin, Shugaba Barack Obama ya karɓi baƙuncinsu a fadar White House. Langer da Fernandez da Kuechenberg sun ƙi zuwa saboda saɓanin siyasa.