Spenser, Milton da Dogayen Waƙoƙin Ingila: Ga Amsoshinku, Ku Bar Ni Na Huta

Duk zangon karatu tambayoyin nan ne dai daga ɗaliban darasina na adabin Ingila, fuskoki kawai ke sauyawa. Na tara su wuri guda. Wanda ya ƙara tare ni a bakin ofis da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Malam, dole ne sai na karanta waƙar gaba ɗaya?

Paradise Lost ta John Milton, wadda ke ba da labarin tawayen Shaiɗan da fitar Adamu da Hauwa'u daga Aljanna, dole. Ɗango 10,000 ne da 'yan ɗaruruwa, a kashi 12. Kashi ɗaya a kwana biyu, kafin wata ya mutu ka sauke. The Faerie Queene ta Edmund Spenser ta ninka ta sama da sau uku, don haka ban ce ka cinye ta duka ba, amma littafi na 1 da na 5 babu rangwame. Taƙaitawar da kuke saukowa da ita daga intanet kuwa, tun a sakin layi na farko nake gane ta.

Wane zamani ake nufi?

Daga wajen 1500 zuwa wajen 1700. Yana cikin takardar da aka raba muku.

Shaiɗan ne tauraron Paradise Lost?

Wannan ce tambayar da ta fi gajiyar da ni, don mafi yawan masu yin ta a kashi na 2 suka tsaya. E, a farkon waƙar shi ke da baki. Ya faɗo wuta, ya miƙe, ya tara rundunarsa, ya ce gara ya yi mulki a wuta da ya yi bauta a sama. Maganar tana da daɗin ji. Ci gaba mana. A kashi na 4 za ka same shi shi kaɗai yana amsa wa kansa cewa duk inda ya gudu wuta ce, don shi kansa ne wutar. Can gaba kaɗan an kama shi a siffar kwaɗo, ya raɓe a kunnen Hauwa'u tana barci. A kashi na 10 ya koma gida yana jiran tafi, sai ya ji tsaki ta ko'ina, don shi da mabiyansa duk sun rikiɗe macizai.

Gardamar ta girme ku. Mawaƙi William Blake ya ce Milton ɗan ɓangaren Shaiɗan ne bai sani ba. C. S. Lewis a 1942 ya ce sam, Shaiɗan abin dariya ne mai yaudarar kansa. William Empson a 1961 ya juya tuhumar kan yadda waƙar ta zana Ubangiji. Stanley Fish a 1967 ya ce tarko ne: da gangan aka sa maganar Shaiɗan ta burge ka, don daga baya ka gane kai ma an ruɗe ka. Ni na fi karkata ga Fish, ko da yake bayaninsa yana da wayo da yawa, kowace matsala ta taso sai ya ce ai da gangan ne. Zaɓi wanda ka ga dama, amma ka kawo ɗango.

Me ya kawo Italiya cikin darasin adabin Ingila?

Don can mawaƙan suke kallo. Ariosto ya fitar da Orlando Furioso a 1516, Tasso ya biyo da tasa kan yaƙin Ƙudus a 1581. John Harington ya mayar da ta farko Ingilishi a 1591, Edward Fairfax ya mayar da ta biyu a 1600. Lambun sha'awar da jarumi Guyon ya rusa a ƙarshen littafi na 2 na Spenser, daga lambun matsafiya Armida a waƙar Tasso aka ɗauko shi, har da waƙar furen da ake rerawa a ciki. Ba sata ba ce a wurinsu, gasa ce: ka ɗauki abin na gaba da kai ka nuna ka fi shi. Shi kansa karin da Milton ya yi amfani da shi, ɗango mai gaɓa 10 ba amsa-amo, Henry Howard na Surrey ne ya fara shigo da shi Ingilishi lokacin da yake fassara wani yanki na waƙar Virgil, tsohon mawaƙin Rum.

To mene ne ƙa'idojin irin wannan waƙa?

Roƙon ilhama a buɗe, fara labari daga tsakiya, jero sunayen mayaƙa, doguwar kamantawa, leƙawa lahira. Haddace su maki biyu ne. Sauran makin yana wurin abin da mawaƙi ya yi da su. Inda Homer, tsohon mawaƙin Girka, ya jero jiragen ruwa da jarumai, Milton ya jero Moloch da Dagon da sauran gumaka, wato rundunar da aka kora daga sama. Ka tambayi kanka dalili.

The Faerie Queene labarin dawaki da dodanni ne, me ya haɗa shi da siyasa?

Komai. Spenser ya tafi Ailan a 1580 a matsayin sakataren Lord Grey, wakilin Sarauniya Elizabeth. A shekarar ce Grey ya sa aka kashe sojoji wajen 600 a Smerwick bayan sun miƙa wuya. Daga baya Spenser ya sami gidan Kilcolman da fili sama da eka 3,000 a yankin Cork, daga cikin ƙasar da aka ƙwace bayan an murƙushe tawaye. A kan wannan fili ya zauna yana saƙa baitocinsa masu ɗango tara-tara. Littattafai uku na farko sun fito a 1590, Sarauniya ta yanka masa fam 50 a shekara, uku na gaba suka biyo a 1596. A 1598 aka ƙone gidan, a 1599 ya mutu a Landan.

Yanzu buɗe littafi na 5, wanda jigonsa adalci ne. Jarumin yana yawo da wani mutumin ƙarfe, Talus, mai riƙe da sandar sussuka ta ƙarfe, wanda aikinsa shi ne ya tarwatsa taron jama'a ba tausayi ba gajiya. Ka ajiye wannan gefe da rubutun da Spenser ya yi da zube kan Ailan, wanda ba a buga ba sai 1633, inda ya ba da shawarar a karya mutane da takobi da yunwa. Idan ka karanta biyun ka dawo ka ce mini tatsuniya ce, to sai dai na yi maka addu'a.

Milton akasin haka ne. Ya kare kisan Sarki Charles na Ɗaya a 1649, ya yi wa gwamnatin da ta biyo baya aikin sakatare, sarauta ta dawo a 1660, aka ƙone wasu littattafansa, aka tsare shi na ɗan lokaci. Wanda aka kayar ne yake waƙa. David Quint ya gina littafi guda a 1993 kan wannan rabo, waƙar masu nasara da waƙar waɗanda aka ci da yaƙi, kuma ya cancanci lokacinka.

Milton makaho ne, wa ya rubuta masa?

Ya makance tun 1652. Yakan tsara ɗangwaye a ka, ya yi wa duk wanda ya samu shifta. Kuma a'a, wannan bai isa ka rubuta kundi kana kwatanta shi da Aliyu Namangi ba. Makanta ba jigo ba ce.

Malam, ina so kundina ya kwatanta Paradise Lost da ƙissar Annabi Adamu da Iblis a Alƙur'ani. Zai yiwu?

Zai yiwu, amma zauna tukuna, don a nan ne na fi ganin ɗalibai masu ƙoƙari suna zamewa.

Da farko ka san me kake kwatantawa. Ɗaya littafi ne saukakke a wurinka, ɗaya waƙa ce ta wani Bature Kirista da ya faɗaɗa 'yan surori na farkon Attaura yadda suke a hannunsa. Idan ka jera su don ka nuna inda Milton ya yi kuskure, wa'azi ka rubuta, mai jarrabawa na waje zai dawo maka da shi. Idan kuma ka bi su kamar labarai biyu masu daraja ɗaya, wataƙila zuciyarka ta ƙi, wataƙila kuma wani a kwamitin ya ƙi. Hanyar da na ga tana ɓullewa ita ce ka taƙaita tambayar: ba wa ya yi daidai ba, a'a, me sauyin ya haifar a cikin waƙar.

Ga misali. A Alƙur'ani Iblis ya ƙi yi wa Adamu sujada, ya ce an halicce shi daga wuta, shi kuwa daga laka, kuma Suratul Kahfi ta ce daga aljanu yake. A wurin Milton babban mala'ika ne, kuma tawayensa ya riga halittar Adamu: a kashi na 5 an naɗa wanda waƙar ke kira Ɗa shugaba a kan mala'iku, shi kuma ya ƙi durƙusawa. Labarin ƙin yi wa Adamu sujada yana nan a wani tsohon littafin Latin kan rayuwar Adamu da Hauwa'u, amma ba shi waƙar ta bi ba. Abin da ya fito daga wannan shi ne rikicin ya zama na sarauta da mubaya'a, wanda shi ne ciwon Ingila a lokacin. Wannan kaɗai ya ishe ka babi. Haka batun cin ɗan itacen: a Alƙur'ani su biyu aka yi wa waswasi, suka ci, suka tuba, aka karɓa. Milton ya ware Hauwa'u ita kaɗai a kashi na 9, sannan Adamu ya ci yana sane, don ba zai iya rabuwa da ita ba, kuma laifin ya bi zuriya.

Inda nake ja maka kunne shi ne maganar tasiri. Gaskiya ne an buga fassarar Alƙur'ani ta Ingilishi a Landan a 1649, daga ta Faransanci ta André du Ryer. Kasancewar littafi a gari ba hujja ba ce cewa mawaƙi ya ɗiba daga ciki. Kada ka rubuta "babu shakka". Ka ce sun yi tarayya, ko sun saɓa, ka tsaya nan.

Sai abu na ƙarshe, wanda ba ni zan yanke maka ba. Waƙar tana sa Ubangiji ya yi magana, tana ba shi Ɗa. Wasu ɗalibai sukan rubuta "a cewar waƙar" su wuce lafiya, wasu hannunsu ba ya iya rubutawa. Idan kana cikin na biyu, ba aibi ba ne, amma ka gane tun yanzu, ba ana saura wata biyu a miƙa aiki ba. Idan kana da Larabci, akwai fassarar Muhammad Enani na Masar, kuma yadda ya bi da waɗannan wurare abin nazari ne da kansa. Ka je ka ga mai duba aikinka kafin ka rubuta ko shafi ɗaya. Zai iya cewa a'a, kuma yana iya zama da gaskiya.

Gaskiya ne Spenser da Milton sun ci mutuncin Musulmi?

Akwai. Miyagun mayaƙan littafi na 1 na Spenser Saracen aka kira su, sunan da Turawa ke kiran Musulmi da shi a da, Milton kuma ya kira Shaiɗan Sultan. Amma ka lura, Sultan ɗin da aka kayar a littafi na 5 na Spenser, manazarta da yawa Sarkin Sipaniya suke gani a cikinsa, Kirista ɗan Katolika. A daidai lokacin kuma Elizabeth tana musayar wasiƙu da Murad na Uku na Daular Usmaniyya, a 1600 ta karɓi jakadan Ahmad al-Mansur na Maroko, wanda rundunarsa ta rusa Songhai a 1591. Fushi halal ne, amma ka haɗa da wannan. Af, kogin Neja ma ya fito a kashi na 11 na Milton, cikin ƙasashen da aka nuna wa Adamu daga kan dutse.

Wane bugu na Paradise Lost zan yi amfani da shi?

Na 1667 kashi 10 ne, na 1674 kashi 12, don an raba na 7 da na 10 gida biyu-biyu. Kowa na 1674 yake bi. Ka kawo lambar kashi da ta ɗango, ba ta shafi ba. Idan ka ci karo da bugun Richard Bentley na 1732 kyauta a intanet, bar shi, mutumin gyara wa Milton kalmomi ya yi son ransa.

Malam, babu mace ko ɗaya a cikinsu?

Akwai Lucy Hutchinson. Order and Disorder, kan labarin halitta ita ma, kashi 5 na farko sun fito a 1679 ba suna. Ki ɗauke ta, ba a cika cunkoso a can ba.

Ingilishin ya fi ƙarfina.

Ya fi ƙarfin 'yan Ingila ma, kwantar da hankalinka. Spenser da gangan ya tsofar da harshensa, har mawaƙi Ben Jonson ya yi ƙorafi a kai. Milton kuwa jimlarsa ce doguwa: a buɗe waƙar sai ka kai ɗango na 6 kafin ka haɗu da aikatau. Ka karanta da ƙarfi, kada ka tsaya a ƙarshen ɗango sai inda aya take, ka nemo aikatau da fensir, sannan ka nemo mai aikin. Kashi na 1 da na 2 ranar Litinin, kuma ka zo da littafinka, ba hoton na wani a waya ba.