Ba ɗanyar gyaɗa ke kawo masassara ba

Duk damina a Maradi sai ka ji uwa tana hana yaro ɗanyar gyaɗa ko gasasshiyar masara, wai su ke tada masassara. An daɗe ana faɗin haka, don lokacin da sabon amfani ke shigowa shi ne lokacin da ruwa ke kwanciya a kududdufai da bakin Gulbi, sauro kuma ya yi ta ƙyanƙyasa.

Macen sauro ce ke zuba ƙwayar cutar cikin jini idan ta ciji mutum da dare. Ƙwayar takan fara ɓuya a hanta, sannan ta afka wa jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa ake ganin tafin hannun yaro ya yi fari fat. Tun 1897 bincike ya gano ƙwayar a cikin sauro.

Abin da ke ci mini rai, ana tsare kwanon yaro, gidan sauronsa kuwa duk huda. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar rigakafi ta farko, Nijar ta fara yi wa yara a 2024. Kariyarta ba cikakkiya ba ce, don haka in jikin yaro ya yi zafi, a kai shi likita a gwada jininsa ran nan.