Me ake nufi da "gwaji" a kimiyya? Rigimar limaman coci biyu a kan romo

Sau da yawa za ka ji mutum ya ce, "Ai na gwada maganin nan, ya yi mini aiki." A maganar yau da kullum ya yi gwaji. A wajen masana kimiyya kuwa da sauran aiki, don ba wanda ya san ko zai warke da kansa da bai sha ba. Su gwaji a wurinsu shi ne a tanadi abubuwa iri ɗaya, a sauya abu guda tak a wani, a bar wani yadda yake, sannan a zuba ido. Wanda aka bari shi ne ma'auni. In babu shi, abin da ka gani zato ne kawai.

Labarin da ya fi fito mini da wannan fili ya faru ne a Turai a ƙarni na 18, tsakanin limaman Katolika biyu. A lokacin mutane da yawa sun yarda cewa ƙananan halittu kan tsiro da kansu daga abin da ba shi da rai. John Needham, ɗan Ingila, ya ɗumama romon naman rago wajen shekarar 1748, ya ɗura a kwalabe ya toshe bakinsu. Bayan 'yan kwanaki ya leƙa ta madubin da ke ƙara girman abu, ya tarar romon ya cika da halittu suna ta wutsil-wutsil. Ya ce ga hujja: rai ya fito daga romo.

Lazzaro Spallanzani na Italiya bai gamsu ba, kuma bai tsaya ja-in-ja da fatar baki ba. Ya jera kwalabe. Wasu ya tafasa su na 'yan mintoci, wasu na awa guda. Wasu ya toshe su kamar yadda Needham ya yi, wasu kuma ya kanga wuyansu a harshen wuta har gilashin ya narke ya liƙe ruf. Waɗanda suka sha dogon tafasa aka kuma liƙe su suka zauna garau, sauran suka gurɓace. Ya wallafa sakamakon a 1765. Abin da ke burge ni shi ne bai raina gwajin Needham ba, maimaita shi ya yi a gefen nasa, don a ga daidai inda bambancin ya shigo.

Needham ya mayar da martani cewa dogon tafasar ya ɓata iskar da ke cikin kwalbar, shi ya sa rai ya kasa tsirowa. A gaskiya ƙorafin na da ƙarfi, kuma kwalaben Spallanzani ba su iya kashe bakinsa ba. Sai wajen 1860 Louis Pasteur na Faransa ya yi kwalba mai dogon wuya lanƙwasasshe, bakinta a buɗe. Iska na shiga, amma ƙura da ƙananan halittun da take ɗauke da su na maƙalewa a lanƙwasar. Romon ya zauna lafiya lau. Da ya karkata kwalbar romon ya taɓo ƙurar, cikin 'yan kwanaki ya lalace.