Fihirisar Batutuwa: Yadda Ake Gano Abin da Aka Rubuta kan Waƙar Kwaya da Jagorancinta

Wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana neman rubutu a kan waƙar kwaya ya san irin wasan da injin bincike yake yi da mutum. Ka rubuta "kwaya", ka nufi ƙungiyar mawaƙa masu haɗa muryoyi, sai ya jero maka labaran masu shan ƙwaya da waɗanda aka kama da ita, don yawancin masu rubuta Hausa a intanet ba sa sa wa harafin ƙugiyarsa. Ka koma Turanci ka nemi "conductor", sunan mutumin da yake tsayawa gaban mawaƙa yana ba su lokaci da hannu, sai ga kwandastan jirgin ƙasa, ga wayar tagulla mai ɗaukar wutar lantarki. Injin bai yi maka ƙarya ba, abin da ka rubuta ya kawo. Haruffa yake gani, ba ya ganin nufinka.

Wannan matsala ce aka yi fihirisar batutuwa dominta.

Kalmar fihirisa daga Larabci muka samo ta, Larabawa kuma daga Farisanci. Tun kusan shekara ta 987 wani mai sayar da littattafai a Bagadaza, Ibnun Nadim, ya tattara sunayen littattafan da ya sani da marubutansu a cikin kundin da ya kira Al-Fihrist, ya raba shi babi goma bisa fannonin ilimi. Ke nan tunanin bai zo jiya ba. A yau idan aka ce fihirisar batutuwa ana nufin jerin rubuce-rubuce da aka buga, littattafai ne ko maƙalolin mujallu ko kundayen digiri, wanda aka tsara bisa abin da suke magana a kai, ba bisa sunan marubuci ko sunan littafi ba. Ta bambanta da manazarta da ake sa wa a ƙarshen kundi. Manazarta tana gaya maka abin da mutum ɗaya ya karanta kafin ya yi rubutunsa. Fihirisar batutuwa tana ƙoƙarin gaya maka duk abin da aka rubuta a kan wani al'amari, ko da marubutan ba su san juna ba.

Ƙashin bayanta shi ne mutum. Wani ne ya zauna ya karanta maƙalar, ko aƙalla tsakurenta, ya yanke hukunci cewa wannan a kan kaza take, ya rataya mata alama daga cikin jerin alamomi da aka riga aka amince da su. Waɗannan alamomi su ake kira kanun batu. Ba a yarda kowane ma'aikaci ya ƙirƙiro nasa ba. Idan an zaɓi kalma ɗaya don wani abu, ita za a yi ta sa wa, sauran kalmomin da suke da ma'ana ɗaya da ita kuma a rubuta a gabansu "duba kaza". Charles Ammi Cutter, wani masanin ɗakunan karatu a Amurka, shi ya shimfiɗa ƙa'idar a 1876: a sa littafi ƙarƙashin kan batun da ya fi dacewa da shi kai tsaye, kada a jefa shi cikin babban rukunin da ya haɗiye shi. Littafin da ke koyar da jagorancin kwaya ya tafi ƙarƙashin jagorancin kwaya, ba ƙarƙashin "kiɗa" kawai ba, inda zai zama allura cikin ruwa.

Misali zai fi bayyana amfanin. A ce mai jagorantar kwaya yana fama da wata tsohuwar cuta da kowane mai wannan sana'a ya sani: idan mawaƙansa suna rera waƙa ba tare da kayan kiɗa ba, sai muryoyinsu su riƙa sauka kaɗan-kaɗan, su fara a sauti ɗaya su ƙare a ƙasa da shi. An yi rubutu da yawa a kan dalilin haka. Wasu sun danganta shi da gajiya da rashin riƙe numfashi, wasu da yadda ake furta wasula, wasu kuma sun nuna cewa lissafin sautuka ne da kansa yake jawo shi, domin idan mawaƙa suka daidaita kowane haɗin sauti tsaf da kunne, wasu jerin haɗe-haɗen suna ture waƙar ƙasa ko da babu wanda ya yi kuskure. To amma marubuci yana iya sa wa maƙalarsa suna mai azanci, a ce "Lokacin da jirgi ya fara nitsewa", ba kalmar kwaya a ciki, ba kalmar sauti. Injin da yake bin haruffan take zai wuce ta. Mai fihirisa kuwa ya karanta ta, ya ajiye ta ƙarƙashin daidaiton sauti a waƙar kwaya, kusa da 'yan'uwanta.

Abu na farko da ya kamata mai nema ya raba a ransa shi ne waƙar kanta da rubutu a kan waƙar. Nan ne mutane da yawa suke ɓata lokaci. Akwai rumbunan da ke ajiye takardun waƙa masu alamomin sauti, waɗanda mawaƙa suke riƙewa suna rerawa, kamar CPDL da aka fara a 1998 musamman don waƙoƙin kwaya, da IMSLP da ya zo a 2006. Akwai RISM, da aka kafa a Faris a 1952, wanda aikinsa shi ne gaya maka a wane ɗakin karatu ko majami'a tsohon rubutun wata waƙa yake ajiye. Dukkansu masu amfani ne, amma ba za su ba ka bayanin yadda ake horar da muryar yaro ba. Wannan aikin wasu ne daban.

Tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda jami'o'i da yawa a duniya suke bi, ya yi wannan rabo a fili. Harafin M shi kaɗai na takardun waƙa ne. ML na rubutu ne a kan kiɗa da waƙa: tarihi, rayuwar mawaƙa, sharhi. MT na koyo da koyarwa ne. Wanda ya je kan kanta ya tsaya a MT85 zai ga littattafan jagoranci, a MT875 kuma na rera waƙa cikin taro da rarraba muryoyi. Tsarin Dewey, wanda shi ma ya fara a 1876, da lambobi yake aiki: 780 kiɗa da waƙa baki ɗaya, 781.45 jagoranci, 782.5 gaurayen muryoyin maza da mata, 782.6 muryoyin mata, 782.7 na yara, 782.8 na maza. Sai dai akwai tarko. A 1989 an sake fasalin sashen kiɗa na Dewey gaba ɗaya. Kafin nan waƙoƙin ibada suna 783, waƙar baka tana 784, lambar da yanzu ta koma ta kayan kiɗa. Ɗakin karatun da bai sake lambobin tsofaffin littattafansa ba zai kasance yana da littattafan kwaya a wurare biyu ko uku, kuma wanda ya duba wuri ɗaya ya juya ya bar rabin arzikin a baya.

Wannan na littattafai ne. Amma a wannan fanni, a ganina, mafi yawan abin da ke da amfani ga mai aiki yana cikin mujallu, kuma katalog ɗin ɗakin karatu ba ya shiga cikin mujalla. Zai gaya maka cewa akwai mujallar, ba zai gaya maka abin da ke shafi na talatin na fitowar wani wata ba. Mujallar The Musical Times da aka fara bugawa a Landan a 1844 ta fara ne da hidimar azuzuwan koyon waƙa, har sunanta na farko yana ɗauke da hakan. Ƙungiyar masu jagorantar kwaya ta Amurka, ACDA, da aka kafa a 1959, tana da Choral Journal. Tarayyar kwayoyi ta duniya, IFCM, da ta zo a 1982, ita ma tana da tata mujallar. Ka tara fitowar shekaru sittin ko ɗari na irin waɗannan, ka ce mutum ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana neman abin da aka faɗa a kan yadda ake jera mawaƙa a dandali, ai sai ya tsufa bai gama ba.

Don haka aka yi fihirisoshin mujallu. The Music Index ya fara a 1949. Wanda ya fi faɗi shi ne RILM, wanda masanin kiɗa Barry S. Brook ya kafa a Niyok a 1966, ya fara fitowa a 1967. Kwamitoci a ƙasashe daban-daban suna aika masa bayanin abin da aka buga a harsunansu, kowace maƙala da kanun batunta, da yawa kuma har da tsakure, ta yadda wanda ba ya jin Jamusanci ko Rashanci zai iya sanin ko maƙalar ta cancanci a nemo mai fassara. Ga tsofaffin mujallu na ƙarni na 19 da farkon na 20 kuma akwai RIPM. Galibin waɗannan sai ta hanyar jami'a ko babban ɗakin karatu da ya yi rajista ake shigarsu. Kundayen digiri ma kada a raina su. A Amurka ana ba da digirin dakta a jagorancin kwaya, kuma babin waiwayen ayyuka na kundi mai kyau fihirisa ce ƙarama da wani ya sha wahalar haɗawa.

Amma da ɗan gari akan ci gari. Kowace fihirisa tana da harshenta, sai ka koye shi. A Turanci "choir" yana nufin ƙungiyar mawaƙa, yana kuma nufin sashen ginin majami'a da suke zama a ciki. "Chorus" yana nufin ƙungiyar, yana kuma nufin amshi, wato baitin da ake maimaitawa. "Chorale" kuwa wani abu ne dabam, waƙar ibada ta Kiristoci mabiya Martin Luther a Jamus. A Jamusanci ma haka: "Chor" shi ne kwaya, "Chorleitung" jagorancinta, amma "Choral" waƙar ibada ce, ko ta Luther ko tsohuwar rerawar Katolika mai murya ɗaya. Haruffa biyu kacal suka raba su, amma sun isa su kai mai nema wata unguwa.

Ko a cikin fannin kansa akwai irin wannan. Ɗauki batun muryar yaro namiji lokacin da ta fara fashewa a shekarun balaga, abin da ke ba masu koyar da kwayar makaranta ciwon kai, don yaron ya bar muryar sama bai kuma kai ta ƙasa ba. Irvin Cooper ya kira wannan murya "cambiata", ya tsara yadda za a rubuta mata nata layin. John Cooksey daga baya ya bi sauyin mataki-mataki. Wani marubucin zai ce "muryar da ke sauyawa", wani "muryar samartaka", likitan maƙogwaro kuma yana da tasa kalmar. Ga shi "cambiata" ɗin ma sunan wani salon tafiyar sauti ne a tsohuwar fasahar haɗa muryoyi ta Italiya. Dabarar da na fi yarda da ita mai sauƙi ce: ka nemo maƙala ɗaya tak da ka tabbata tana kan abin da kake so, ta kowace hanya, sannan ka duba kanun batun da aka rataya mata. Su ne makullin. Ka bi su, za su kai ka ga sauran.

Yawancin fihirisoshin fannin suna rarraba shi kusan iri ɗaya. Akwai abin da ya shafi jagoran: motsin hannu da yadda ake nuna bugun lokaci, nazarin takardar waƙa kafin a fara, tafiyar da atisaye. Akwai abin da ya shafi mawaƙa: numfashi, ɗumama murya, gauraya muryoyi har su zama kamar ɗaya, karanta waƙa daga takarda, wanda a nan ne za ka tarar da salon koyar da do-re-mi da Sarah Glover ta fara John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19. Akwai furuci, kuma wannan babi ne mai daɗin karatu, don Latin ɗin da ake rerawa ba iri ɗaya ba ne: yadda Italiyawa suke furta shi daban, yadda Jamusawa suke furta shi daban, kuma masana suna ta muhawara a kan wanda ya dace da waƙar wane mawaƙi. Sai tarihi da rayuwar masu tsara waƙa, wanda ya fi kowane sashe cika.

Da yake hukuncin mutum ce, fihirisa tana da son zuciyar mai yinta. An gina waɗannan tsare-tsare ne a Turai da Amurka, da kwaya mai muryoyi huɗu a zuciya, biyu na mata biyu na maza, tana rera abin da aka rubuta. Waƙar taro da ba ta shiga wannan sahu ba sau da yawa ba a ajiye ta ƙarƙashin kwaya, sai ƙarƙashin sunan ƙasa ko al'umma ko nazarin kiɗan gargajiya. Mai neman rubutu a kan isicathamiya, waƙar taro ta Zulu a Afirka ta Kudu, ko haɗin muryoyi uku na mutanen Jojiya a yankin Kokasas, zai fi saurin samu idan ya bi ta sunan mutanen. Bikin waƙa na Estoniya, wanda aka fara a garin Tartu a 1869, yana iya faɗawa ƙarƙashin tarihin kishin ƙasa ko bukukuwa, alhali dubban mawaƙa ne suke tsayawa gaban jagora ɗaya a cikinsa. Sannan akwai jinkiri: tsakanin fitowar maƙala da shigarta fihirisa akan ɗauki lokaci, don sai wani ya karanta. Takardun da ake rabawa a taron bita da bayanan da ake bugawa a ƙasidar ranar wasa kuwa, inda ƙwararrun jagorori sukan zuba abin da suka koya a shekaru talatin na aiki, su ba kasafai suke shiga kowace fihirisa ba.