Hawan Hitler Kan Mulkin Kama-karya a Jamus, 1930 zuwa 1934

Hawan Adolf Hitler kan mulki jerin matakai ne na siyasa da na doka da suka mayar da Jamus daga jamhuriya mai jam'iyyu barkatai zuwa ƙasar mutum guda. An naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu, 1933, kuma kafin watan Agusta na 1934 ya ƙare, babu majalisa ko kotu ko jam'iyya ko hafsan soja da ya isa ya ce masa kul. Masana tarihi sun fi kawo wannan misali idan ana zancen yadda mai kama-karya ke hayewa ta cikin dimokuraɗiyyar da ta yi rauni, domin Hitler bai shiga fadar gwamnati da bindiga ba. Ya taɓa gwada bindigar a birnin Munich a watan Nuwamba na 1923, yunƙurin ya watse, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar, amma bai cika shekara guda ba bayan hukuncin aka sako shi daga kurkukun Landsberg. Daga nan ya koma farautar ƙuri'a.

Jamhuriyar da ya tarar

An kafa Jamhuriyar Weimar, wato tsarin dimokuraɗiyyar Jamus na wancan zamani, a 1919, bayan Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma sarki Wilhelm na Biyu ya sauka. Tun ranar farko tana da maƙiya a cikin gida. Alƙalai da hafsoshi da manyan ma'aikata da yawa sun gaji kujerunsu ne daga zamanin sarauta, kuma zuciyarsu na can. Masu ra'ayin riƙau sun ɗora wa 'yan siyasar jamhuriya laifin sa hannu a yarjejeniyar Versailles, wato yarjejeniyar sulhu da aka ƙaƙaba wa Jamus bayan yaƙin, suna yaɗa ƙaryar cewa ba a ci sojojin Jamus a fagen fama ba, farar hula da Yahudawa ne suka ci amanarsu. Sai hauhawar farashi ta 1923, lokacin da dalar Amurka ɗaya ta kai tiriliyan 4.2 na mark, kuɗin Jamus, ta cinye ajiyar masu matsakaicin ƙarfi ƙurmus.

Duk da haka jam'iyyar Nazi ta Hitler ba ta da wani tasiri yayin da al'amura suka lafa. A zaɓen 1928 kashi 2.6 cikin ɗari ta samu, kujera 12 kacal. Abin da ya ɗaga ta shi ne karyewar tattalin arziƙin duniya a 1929. Bankunan Amurka suka janye bashinsu, masana'antu suka rufe, marasa aikin yi da aka yi wa rajista suka kai miliyan shida a farkon 1932. A watan Satumba na 1930 'yan Nazi suka tashi da kujera 107. A watan Yuli na 1932 suka kai 230, da kashi 37.3 cikin ɗari, suka zama jam'iyya mafi girma a majalisar Reichstag.

Sashe na 48

Nan ne gaɓar da aka fi tsallakewa, alhali ita ce ƙashin bayan labarin. Tsarin mulkin Weimar ya ba shugaban ƙasa, a sashe na 48, ikon kafa dokokin ta-ɓaci da dakatar da wasu 'yancin jama'a idan tsaro ya taɓarɓare. An tanade shi ne domin ranar tsanani. A watan Maris na 1930 gwamnatin haɗaka ta Hermann Müller ta rushe kan gardamar kuɗin tallafin marasa aiki, kuma ita ce ta ƙarshe da ta tsaya da ƙafar rinjayen majalisa. Wanda ya gaje shi, Heinrich Brüning, ya dogara ne da sa hannun shugaban ƙasa Paul von Hindenburg, tsohon babban hafsan soja da ya haura shekara tamanin. A 1930 dokokin ta-ɓaci biyar aka fitar. A 1932 sun kai 66, majalisa kuwa kwana 13 kawai ta zauna a duk shekarar. Ke nan tun kafin Hitler ya taɓa kujerar mulki, Jamusawa sun riga sun saba da ganin ana mulki ba tare da wakilansu ba.

Franz von Papen, da ya zama shugaban gwamnati a watan Yuni na 1932, ya ƙara buɗe ƙofar. Ranar 20 ga Yuli ya yi amfani da sashen ya tsige zaɓaɓɓiyar gwamnatin jihar Prussia, wadda ta fi kowace girma, ya karɓe 'yan sandanta. Jam'iyyun hagu biyu kuma, SPD ta masu ra'ayin gurguzu na dimokuraɗiyya da KPD ta 'yan kwaminis, sun fi ƙin juna a kan su haɗa kai.

Cinikin Janairu

Hitler bai taɓa samun rinjaye a zaɓe na gaskiya ba. Hindenburg ya kayar da shi a zaɓen shugaban ƙasa na 1932, sannan a zaɓen Nuwamba ƙuri'un Nazi suka ragu da kimanin miliyan biyu, kujerunsu suka dawo 196, asusun jam'iyya ya bushe. A daidai lokacin da tauraronsa ya fara dushewa ne aka miƙa masa mulki. Papen, wanda Janar Kurt von Schleicher ya ture, yana neman ramuwa, sai ya shawo kan Hindenburg cewa a naɗa Hitler a kewaye shi da ministoci masu ra'ayin riƙau. 'Yan Nazi biyu kawai aka ba gurbi ban da shi, Papen kansa ya zama mataimaki, yana bugun ƙirji cewa hayar mutumin suka yi. An ba kura ajiyar nama ne: Wilhelm Frick ya samu ma'aikatar cikin gida ta tarayya, Hermann Göring ya samu ta Prussia, wato 'yan sanda. Cikin makonni Göring ya ɗauki kimanin mutum 50,000 a matsayin 'yan sandan taimako, akasarinsu 'yan bangar jam'iyya na SA da SS. Wanda jiya yake dukan abokan hamayya a kan titi, yau ya ɗaura farin ƙyalle a damtse yana kama su da sunan hukuma.

Gobara da dokar miƙa iko

Daren 27 ga Fabrairu, 1933, ginin Reichstag ya kama da wuta. An kama wani matashi ɗan ƙasar Holan, Marinus van der Lubbe, a cikin ginin, gwamnati ta ce makircin 'yan kwaminis ne. Washegari Hindenburg ya sa hannu a dokar ta-ɓaci da ta dakatar da 'yancin magana, da na jarida, da na taro, ta kuma halatta tsare mutum ba tare da shari'a ba. Aka kwashe dubban mutane. A cikin wannan yanayi aka yi zaɓen 5 ga Maris, amma duk da tsoratarwa da mallakar rediyon gwamnati, kashi 43.9 'yan Nazi suka samu.

Saura mataki ɗaya: dokar da za ta ba majalisar ministoci ikon kafa doka da kanta, ko da ta saɓa wa tsarin mulki, na tsawon shekara huɗu. Tana buƙatar kashi biyu cikin uku. Ranar 23 ga Maris majalisa ta zauna a gidan wasan Kroll da ke Berlin, ƙatuwar tutar Nazi a bayan mumbari, 'yan SA sun yi layi a ƙofofi da jikin bango suna ihu. Wakilan KPD 81 babu ko ɗaya a zauren, wasu na tsare, wasu sun ɓuya; an kuma gyara ƙa'idar zama ta yadda wanda bai zo ba babu uzuri za a lissafa shi kamar yana nan. Jam'iyyar Katolika ta Zentrum ta yarda da alkawuran baki da Hitler ya yi mata game da coci. Otto Wels na SPD ne kaɗai ya tashi ya yi jawabin ƙin amincewa. Aka ƙirga: 444 sun amince, 94 sun ƙi, dukkansu 'yan SPD.

Sharar fage

Abin da ya biyo baya ya tafi da sauri. A watan Afrilu aka kori Yahudawa da 'yan adawa daga aikin gwamnati, aka tura gwamnoni daga Berlin zuwa jihohi. Ranar 2 ga Mayu aka mamaye ofisoshin ƙungiyoyin ƙwadago. Aka haramta SPD a watan Yuni, sauran jam'iyyu suka rushe kansu, har da waɗanda suka ɗaga wa Hitler hannu, ranar 14 ga Yuli kuma doka ta ce jam'iyyar Nazi ce kaɗai halattacciya. Sansanin tsare mutane na Dachau ya riga ya buɗe tun watan Maris.

Soja ne kawai suka rage, kuma damuwarsu ita ce Ernst Röhm, shugaban SA, mai burin haɗiye rundunar. Daga 30 ga Yuni, 1934, Hitler ya sa aka kashe Röhm da wasu manyan SA, aka haɗa da Schleicher da matarsa da wasu na kusa da Papen. Aƙalla mutum 85 suka mutu. Ranar 3 ga Yuli majalisar ministoci ta fitar da doka mai jimla ɗaya da ta ce kisan kare ƙasa ne. Hafsoshi suka yi shiru, ko da yake janar biyu na cikin gawarwakin.

Hindenburg ya mutu ranar 2 ga Agusta. Tun kwana ɗaya kafin nan an yi dokar haɗe kujerarsa da ta shugaban gwamnati, kuma sojoji suka yi rantsuwar biyayya ga Hitler da sunansa, maimakon ga tsarin mulki. Ƙuri'ar raba gardama ta 19 ga Agusta ta tabbatar da hakan da kusan kashi 90 cikin ɗari. Tsarin mulkin Weimar kuwa ba a taɓa soke shi a hukumance ba. Dokar gobarar Reichstag ta ci gaba da aiki har 1945, dokar miƙa iko kuma majalisa ta sabunta ta a 1937 da 1939, sannan a 1943 Hitler ya tsawaita ta da sa hannunsa shi kaɗai.