Yaron da Ba Ya Ganin Allo: Tambayoyi Kan Lafiyar Idon Ɗalibai

Wace matsalar ido ce ta fi yawa a makarantu?

Rashin gani daga nesa. Yaro ba ya kai ƙara, domin a zatonsa haka kowa ke ganin allo, dishi-dishi. Malami ne zai lura da shi yana ƙanƙance ido, ko yana kwafa daga littafin na kusa da shi. Abin da ke ci mini rai shi ne, irin wannan yaro ake kira daƙiƙi, har a doke shi, alhali tabarau kawai yake buƙata. Gwajin ba wuya: a rataya takardar haruffa, ya tsaya nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya ya karanta.

Tabarau ba ya ƙara kashe ido?

Ko kusa, muddin an auna idon kafin a ba shi.

Amosanin ido fa, daga ina yake zuwa?

Ƙwayar cuta ce da ke bin kwantsa da majina. Ƙudaje, hannuwa da tsumman goge fuska na haɗaka su ke yaɗa ta, musamman inda ruwa ya yi ƙaranci. Idan tana yawan dawowa sai ta bar tabo a cikin fatar ido, bayan shekaru gashin ido ya lanƙwashe ciki yana kankare ƙwayar idon har makanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai 4: tiyata, magani, wanke fuska da tsaftar muhalli. Biyun ƙarshe makaranta na iya yi: ruwa da sabulu a bakin aji, da masai mai murfi. Maroko ta kawar da barazanar cutar a 2016, Ghana a 2018.

Yaron da ba ya gani da magariba?

Dundumi ke nan, yawanci daga ƙarancin bitamin A, kuma ƙyanda na tsananta shi. A kai shi asibiti, a kuma tabbatar ƙannensa sun samu rigakafin ƙyanda.

Idan ido ya yi ja, me za a ɗiga?

Kada a ɗiga komai sai wanda ma'aikacin lafiya ya rubuta. Ruwan ganye da ragowar maganin wani sun makantar da idanun da da sun warke. A wanke da ruwa mai tsabta. In akwai zafi, rauni ko farin ɗigo a baƙin ido, a tafi asibiti ranar.