Tsohuwar kwamfuta ta ƙi kama wuta: ga amsoshin wuri guda

Tambayoyin nan dai su ne kullum, a shago, a waya, har a bakin masallaci bayan la'asar. Wanda ya sake tambayata nan zan turo shi.

An kawo min tsohuwar ordinater daga Kano, in jona in gani ko tana tashi?

A'a. Juya bayanta tukuna, jikin alimantasiyo, akwatin wutar nan mai fanka, za ka ga ɗan jan maɓalli mai bolt 115 da 230. Kayan da suka fito daga Amurka sau da yawa a kan 115 suke, mu kuwa a nan Nijar wutarmu 220 ce. Ka jona haka nan, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi.

Fizibil ya ƙone, in ɗaura siririyar waya a wurin?

Kar ka kuskura. Fizibil, ɗan abin da ke katse wuta in ta yi yawa, ba ya ƙonewa a banza, wani diyod ko taranzisto ne ya mutu a gabanshi. Nemo mai laifin tukuna.

Fanka na juyawa, ke nan lafiya lau?

Ba hujja ba ce. Ɗauko mita ka auna. Baƙar waya ita ce mas, wato sifiri, ja bolt 5, rawaya 12, mai launin lemu 3.3. Jar in ta fita daga tsakanin 4.75 da 5.25 kar ka kai akwatin wutar kusa da kat-mer, babban allon kwamfutar. In ATX ce, wato mai babban filogi guda, ka haɗa koriyar waya da baƙa za ta tashi ita kaɗai.

Ai na cire ta daga wuta, zan iya sa hannu ciki?

Haba ƙanena, wa ya koya maka haka? Manyan kondansater ɗin ciki, masu tara wuta, suna riƙe wuta sama da bolt 300, kuma cire filogi ba ya zubar da ita nan take. Sauke su da rezistans, ɗan abin da ke rage gudun wuta, ka auna ka ga sifiri, sannan ka taɓa. Tsohon ekran mai ƙaton baya kuwa in ba a koya maka ba kar ma ka kwance shi.

To in gyara tsohuwar alimantasiyon ko in sayi sabuwa kawai?

Nan ne ba ni da amsa guda, sai na san wace na'ura ce. In ta zamanin Pentium 4 ce zuwa sama, galibi sabuwa za ta zauna, ka huta. Amma in ta girmi haka sai a bi a hankali. Intel ta fito da tsarin ATX a 1995, kafin nan AT ake yi mai filogi biyu, P8 da P9, kuma dole baƙaƙen wayoyin su haɗu a tsakiya, ka juya su ka ƙona kat-mer. Sannan irin su Pentium III da Athlon na farko daga layin 5 suke shan yawancin wutarsu, alhali sababbin yanzu ƙarfinsu duk yana kan 12, sai ka ga an rubuta wat 500 a jiki amma tsohuwar na'ura tana ɗaukewa. Farar wayar nan ta -5 ma an daina sa ta, kuma akwai tsofaffin katuna na ISA, irin waɗanda ake cusawa a kat-mer, masu buƙatarta. Wasu Dell na ƙarshen shekarun 1990 filoginsu kamar na kowa a ido amma jerin wayoyin daban ne, sai ka duba launi ɗaya bayan ɗaya.

Shi ya sa ni a irin waɗannan na fi son gyara, in dai taransifo bai ƙone ba kuma allon cikinta bai yi baƙi ba. Buɗe ka duba kondansater: wanda kanshi ya kumbura, ko ya yi wani ɓawon ruwan ƙasa a saman, ya gama. Na wajen 1999 zuwa 2007 sun yi ƙaurin suna kan wannan. Sai dai wani yana mutuwa bai kumbura ba, don haka ni ƙananan na gefen fita duka nake canzawa. Mikrofarad daidai da na da, bolt daidai ko sama, ka lura da ƙafar da ke da alamar ragi, kuma ka nemi mai jure zafin digiri 105 ba mai 85 ba, don zafin Maradi na watan huɗu da na biyar ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ba sa barin mai rauni ya daɗe. Wanda aka ciro daga matacciyar rediyo ban yarda da shi ba. Gwajin farko ka sa ampul, wato ƙwan lantarki, mai zare na wat 60 a jere da layin wuta, in ya haska ya dushe alama ce mai kyau, in ya tsaya da haske sosai kashe, da saura. Duk da haka ba alkawari na yi maka ba, wata za ta yi awa guda lafiya ta yi ɗumi sannan ta nuna halinta.

Takarduna da hotunan da ke ciki fa, sun tafi?

Kwantar da hankalinka Alhaji, sau da yawa suna nan. Cire dis ɗin da suke ajiye a ciki, in mai faɗin kebul ne na IDE ka nemi adafta zuwa USB, ka kwashe komai a wata kwamfutar kafin a fara kowane gwaji.